Aikin Ido Ba Na Likita Kaɗai Ba Ne

A duk unguwannin Hausawa da ke nan Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Legas, zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har Anacha da Fatakwal, da wuya a sami magidancin da ba shi da wani tsoho a gida wanda ganinsa ya fara raguwa. Saƙon da kan zo daga Arewa kusan iri ɗaya ne, watau idon Baba ko na Inna ya yi yana, a aiko da kuɗin magani. Waɗansu sukan aika da kuɗin, waɗansu kuwa sukan sa a sako tsohon a mota a kawo shi asibiti a nan.

Abin da mutane suka fi tambaya a irin wannan hali shi ne ko likitan ƙwararre ne. Tambaya ce mai kyau, amma ba ta isa ba. A ɗakin tiyatar ido akwai waɗansu ma'aikata uku ko huɗu da ke kewaye da likita, waɗanda majiyyaci ba ya sanin sunansu, ba ya ma ganin fuskarsu saboda takunkumi. Su ne ke auna ido, su dafa kayan aiki, su miƙa wa likita abin da yake bukata, su kuma lura da majiyyaci bayan an gama. Idan waɗannan ba su sami horo mai kyau ba, to, kome gwanintar likita, ido yana iya tafiya.

GIRMAN MATSALAR

Tsakanin 2005 da 2007 an gudanar da wani babban bincike a kan makanta a duk faɗin Nijeriya, inda aka duba idanun mutane fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Binciken ya nuna cewa mutum 4 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, watau fiye da mutum miliyan 1 ke nan a lokacin. Abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas, inda aka sami kashi 6.1 cikin 100, alhali kuwa a Kudu maso Yamma kashi 2.8 ne. Yanar ido ita ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido yana biye da ita. Har wa yau binciken ya ce kashi 84 cikin 100 na makantar abin da ake iya hanawa ne ko a warkar.

Ita yana ba fata ba ce da ke rufe ido daga waje, kamar yadda waɗansu ke zato. A cikin kowane ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan gilashi na halitta mai kama da ƙwayar wake, wanda haske ke ratsawa. Tsufa ko ciwon sukari ko bugu kan sa gilashin nan ya dushe ya yi fari. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke shi. Maganinsa ɗaya ne, a fitar da shi a sa na roba a gurbinsa. Wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ne ya fara sa irin wannan gilashin roba cikin idon mutum a birnin Landan cikin 1949, yanzu kuwa ya zama aikin yau da kullum wanda ba ya wuce minti 15 zuwa 20 a hannun gwani.

To, sai dai gwanayen ba su da yawa. Likitocin ido a Nijeriya ba su kai 1,000 ba, a ƙasar da jama'arta suka wuce miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Kafin mutum ya zama cikakken likitan ido sai ya shekara 6 a jami'a, sa'an nan ya ƙara waɗansu shekaru yana koyon aikin ido kaɗai. Saboda haka babu yadda za a yi a sami isassunsu cikin gaggawa. Dabarar da ta rage ita ce a sauke wa likita duk aikin da wani zai iya yi, a bar masa wanda sai shi kaɗai. Wannan shi ne dalilin horar da mataimaka.

KAFIN A SHIGA ƊAKIN TIYATA

Aikin mataimaki yana farawa tun ranar da majiyyaci ya karɓi kati. Shi ne ke gwada ƙarfin ganinsa da allon haruffa, ko allon alamu ga wanda bai yi boko ba. Shi ne ke auna hawan jini da sukari, domin ba a son taɓa idon wanda sukarinsa ya hau ƙwarai sai an sauko da shi. Shi ne kuma ke dubawa ko akwai kwantsa ko ruwa mai wari a gefen ido, gama idan akwai, dole a ɗaga aikin a yi maganin wannan tukuna.

Sa'an nan sai babban awo. Gilashin robar da za a sa ba iri ɗaya ba ne ga kowa, kowane ido da lambarsa, kamar yadda tabarau yake. Ana samun lambar ne ta hanyar auna tsawon ido daga gaba zuwa baya, da kuma lanƙwasar fuskarsa. Tsawon idon babban mutum bai wuce milimita 23 zuwa 24 ba a galibi. Idan mai awo ya kuskure da milimita 1 tak, lambar gilashin za ta kauce ƙwarai, har majiyyaci ya tashi yana bukatar tabarau mai kauri bayan an yi masa aiki lafiya lau. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya maimaita awo sau da yawa, ya auna idanu biyu ya gwama su, in ya ga bambancin da ba a saba gani ba ya kira na gaba da shi. Ba a yarda ya rubuta lamba da ka ba.

Akwai kuma maganar wane ido ne. Abin kamar wasa, amma a ƙasashe da dama an sha yi wa mutum aiki a idon da ba shi ne aka nufa ba, ko a sa masa gilashin da aka tanadar wa wani. Cikin 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takardar bin diddigi ta ɗakin tiyata, wadda ta ce kafin a taɓa majiyyaci dole a dakata, a faɗi sunansa da ƙarfi, a faɗi aikin da za a yi da ɓangaren da za a yi wa, kowa ya amsa. A aikin ido akan sa alama da tawada a goshi bisa idon da za a yi wa aiki, a kuma karanta lambar gilashin daga jikin kwalinsa a gwama da ta katin. Ana koya wa mataimaki cewa idan ya ga kuskure yana da ikon tsayar da aiki, ko da likitan ya haife shi. Malaman wannan fanni sukan dage ƙwarai a kan wannan darasi, musamman ga yaran da aka rena da kunyar manya.

TUKUNYAR DA KE TSARON IDO

Babban abin da likitocin ido ke tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su shiga cikin ido lokacin aiki. Cikin ido ba kamar fatar jiki ba ne. Idan cuta ta shiga, cikin kwana 2 ko 3 ido na iya yin ruwa ya mutu, wani lokaci ma sai an cire shi ɗungum.

Abin da ya faru a garin Khurja na ƙasar Indiya cikin 1986 ya isa misali. An shirya aikin ido na kyauta, aka yi wa mutum 108 aiki. Bayan 'yan kwanaki sai idanu suka fara ruwa, a ƙarshe mutum 84 suka rasa ganin idon da aka yi wa aikin. Da aka bincika, sai zargi ya faɗa kan ruwan gishirin da aka wanke idanun da shi lokacin aikin, cewa shi ne ya gurɓace. Maganar ta kai har Kotun Ƙoli ta Indiya, wadda ta yi hukunci cikin 1989 ta sa a ƙara wa mutanen diyya. Amma diyya ba ta mayar da gani.

Saboda haka rabin horon mataimaki a kan tsabta yake. Da an gama aiki, ana wanke kowane hantsaki da almakashi nan take kafin abin da ya maƙale ya bushe. Akwai waɗansu siraran bututu da ake tura ruwa cikin ido da su, waɗannan sai an yi ta ɗura musu ruwa mai tsabta ana fitarwa, domin ko ɗan guntun sabulu ne ya rage a ciki yana iya sa ido ya kumbura washegari. Bayan wanki sai a jera kayan a tukunyar turiri, wadda ke dafa su da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa: digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na aƙalla minti 3. Akan manna wata 'yar takarda mai sauya launi a jikin kowane ƙunshi, a kuma rubuta ranar dafuwa da sunan wanda ya dafa a littafi. Idan wuta ta ɗauke tukunya ba ta kai lokacinta ba, to, sai a sake daga farko. Jiƙa kaya cikin ruwan magani ko goge su da auduga ba ya maye gurbin dafuwa.

Haka nan ana koya masa yadda zai wanke hannu har gwiwar hannu, da yadda zai sa riga da safar hannu ba tare da ya taɓa bayansu ba, da yadda zai wanke fatar ido da aidin ya ɗiga mai sauƙi a cikin idon ya jira 'yan mintoci kafin a fara. Kowane majiyyaci da nasa kayan, da tasa safar hannu. Kowace kwalbar ruwa sai an ɗaga ta an duba a haske, an karanta ranar lalacewarta.

A GEFEN LIKITA

Likitan ido yana aiki ne idanunsa na cikin madubin tiyata, wanda ke ƙara girman abu sau da yawa. Ba ya ɗaga kai ya nemi kaya, hannu kawai yake miƙawa. Dole mataimaki ya san matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da ke biye, ya sa shi a hannun likita ta fuskar da ta dace. Kayan kuwa ƙanana ne ƙwarai. Zaren ɗinkin ido ya fi gashin kai siranta, kuma bakin hantsaki guda, in ya bugi gefen tasa, ya lalace ke nan, ga shi da tsada. Ɗalibi yakan yi watanni yana kallo, sa'an nan ya yi watanni yana aiki wani gwani na tsaye a bayansa, ana rubuta kowane aikin da ya taya a littafinsa, kafin a bar shi ya tsaya shi kaɗai.

Akwai kuma wani ma'aikacin da ba a faye tunawa da shi ba, watau mai gyaran na'urori. Ƙura da laima suna ɓata madubin tiyata, har gansakuka kan fito a gilasansa a wurare masu damshi irin na Kudu. Ƙwan fitilarsa na iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Asibitin da ya san abin da yake yi yana da wanda ke duba madubi da tukunya da injin wuta kafin a kira majiyyaci na farko.

INDA AKE KOYARWA

Ƙasar Indiya, wadda ta ga abin da ya faru a Khurja, ita ce kuma ta nuna wa duniya amfanin wannan horo. Cikin 1976 wani likita mai suna Govindappa Venkataswamy ya buɗe asibitin ido na Aravind a birnin Madurai da gado 11 kacal. Asibitin yakan ɗebo 'yan mata daga ƙauyuka waɗanda suka gama sakandare, ya horar da su shekara 2, kowace a fanni guda: wannan awo, wannan ɗakin tiyata, waccan kula da masu jinya. A ɗakin tiyatarsu likita yakan zauna tsakanin gadaje biyu. Yana aiki a kan wannan, mataimaka suna shirya wancan, da ya gama sai ya juya madubi. Da wannan tsari likitansu guda yana yin aikin da ya ninka na takwarorinsa sau da yawa a shekara, ba tare da an yi sakaci da tsabta ba. Cikin 2019 an buɗe asibitin ido na gidauniyar Tulsi Chanrai a Abuja tare da haɗin gwiwar Aravind.

A nan Nijeriya ma aikin yana da tarihi. Turawan Mishan sun kafa asibitin ido na Kano cikin 1943, wanda yanzu ke hannun ECWA, kuma mutane sun daɗe suna zuwa can daga nesa, har daga ƙasashe maƙwabta. Cikin 1979 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, wadda banda jinya aka ɗora mata horar da ma'aikatan ido. A Kudu kuwa akwai sashen ido na asibitin koyarwa na Badun, da cibiyoyin ido na Guinness a Anacha da kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wanda ke nan Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa.

Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya fara zama ma'aikacin jinya mai rajista, sa'an nan ya koma makaranta ya yi kwas na musamman a kan jinyar ido na shekara 1 ko fiye. Ana yin wannan kwas a Kaduna da Legas da Benin da waɗansu wurare, kuma Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ce ke ba da shaidarsa. Mai sha'awar gyaran na'urori kuwa, akwai makarantar koyon gyaran kayan asibiti a asibitin koyarwa na Legas ɗin.

A waɗansu jihohin Arewa ma'aikatan jinyar ido sun wuce taya likita. Inda amosanin ido ya yi yawa, fatar ido takan lanƙwashe ciki gashinta ya riƙa gogar ido har ya makanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a koya wa ma'aikatan jinya wannan aikin gyaran fatar ido. Sukan fara gwaji a kan wani kan roba da aka ƙera don haka, sa'an nan su yi a gaban malami, sai ya gamsu ake ba su shaida. Amma iyakarsu fatar ido. Shiga cikin ido a cire yana aikin likita ne.

HARSHE MA KAYAN AIKI NE

Yawancin aikin yana ba a sa mutum barci. Allura ko maganin ɗigawa ake kashe idon da shi, majiyyaci yana kwance a farke, an rufe masa fuska da ƙyalle. Dole ya ji abin da ake gaya masa: kada ya motsa kai, ya dubi fitila, in tari ya taso masa ya yi magana tukuna. Tsohuwar da aka kawo daga Gumel ko Gwadabawa, ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, ga tsoro, tana iya zabura a daidai lokacin da bai kamata ba. Ɗanta da ya kawo ta yana waje, ba a barinsa ya shiga. Idan akwai mataimakiya guda da za ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, kwantar da hankalinki, an kusa gamawa," to, an kawar da wani haɗari babba.

Bayan aiki ma haka ne. Sai an yi wa majiyyaci bayanin yadda zai ɗiga magani da sau nawa, kada ya murza ido, kada ya sa kwalli ko wani maganin gida, kada ruwa ya shiga idon har kwanakin da likita ya yanka. Tsofaffi da yawa suna son su tambayi yadda za su yi da alwala da sujada a kwanakin farko, amma ba su da wanda za su tambaya da harshensu. Wannan gurbi ne da 'ya'yan Hausawan Kudu suka fi kowa dacewa da shi, gama sun tashi da Hausa a gida, ga Yarbanci ko Ibo a waje, ga Turanci a makaranta. Ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mile 12 da Bodija da sauran wurare su duba wannan, su ɗauki nauyin yaran da suka ci darussan kimiyya, maza da mata, su shiga makarantun jinya.

ABIN DA MAI KAI TSOHO ZAI LURA DA SHI

Na farko, a guji masu cire yana na gargajiya da ke yawo ƙauye-ƙauye. Ba cire ta suke yi ba, tura ta suke yi da tsinke ta faɗa can cikin ido. Mutum yakan ga haske na ɗan lokaci, daga baya ciwo ya biyo. Binciken nan na ƙasa ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ta wannan hanya aka taɓa su, kuma wajen 7 cikin kowane 10 na irin waɗannan idanu an same su a makance. Araha ba ta ado. Wanda ke aika kuɗi gida ya tabbatar da inda za a kai su.

Na biyu, ko a asibiti ko a wurin aikin kyauta, ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya cikin ladabi. An auna idon domin a san lambar gilashin? An gwada jini da sukari? Wa zai duba majiyyaci washegari, da bayan mako guda, da bayan wata guda? Idan masu aikin baƙi ne da za su tashi bayan kwana biyu, wane asibiti suka bar wa amanar waɗanda aka yi wa aiki? Ma'aikacin da aka horar da kyau ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin amsarsu tana rubuce a littafinsa.

Na uku, idan bayan aiki ido ya fara zogi mai tsanani, ko ja ya ƙaru, ko ganin da aka samu ya fara komawa baya, to, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada a jira ranar da aka rubuta a kati, kada kuma a sa tsoho a motar Arewa kafin likita ya sallame shi.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da kafawa shi ne, cikin kowane ido 100 da aka cire wa yana, aƙalla 80 su gani sosai, waɗanda ba su amfana ba kuwa kada su wuce 5. Babu likitan da zai kai wannan ma'auni shi kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asibitocin da suka kai shi su ne waɗanda suka ɗauki mai awo da mai dafa kaya da mai gyaran madubi da muhimmanci, suka koyar da su, suna kuma sake gwada su lokaci lokaci.